Bashin da Ke Wuyan Uba: Tsangayun Dutse da Wata Tsohuwar Doka ta Yahudawa

A ƙarshen watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe iyakokin jihohi, wasu motocin bas suka taso daga Kano suka nufo Dutse ɗauke da yara sama da 500. Almajirai ne. Gwamnonin Arewa sun amince kowace jiha ta mayar da almajiran da ba nata ba zuwa garuruwan iyayensu, Kano kuwa tana cikin waɗanda suka fara aiwatarwa. Aka sauke yaran a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke kan hanyar Dutse zuwa Kiyawa, aka killace su, aka yi musu gwaji, sannan aka shiga bin su ɗaya bayan ɗaya ana tambayar sunan uba da sunan gari. A ranakun nan hukuma ta tuna da abin da ta daɗe da kau da kai daga gare shi, wato kowane yaro daga cikinsu yana da mahaifi, mahaifin kuma akwai bashi a wuyansa.

Bahaushe bai taɓa ruɗewa game da wannan bashi ba. Duk dattijon da aka tambaya a Garu ko Limawa, ko a kasuwar Shuwarin, zai lissafo shi ba tare da ya buɗe littafi ba: uba ya raɗa wa ɗansa suna mai kyau, ya yi masa kaciya, ya sa shi makaranta, ya koya masa sana'a, ya yi masa auren fari. Idan ya sauke waɗannan, sai a ce ya fita haƙƙinsa, abin da ya rage tsakanin ɗan ne da Ubangijinsa.

Abin da dattijon ba lalle ya sani ba shi ne, kusan wannan jeri ɗin ne malaman Yahudawa suka rubuta tun ƙarni na 2 ko na 3 na Miladiyya, ya kuma shiga Talmud, babban kundin fiƙihunsu da aka kammala tattarawa a ƙasar Iraƙi wajen ƙarni na 6. A babin Kiddushin, wanda ke magana kan ɗaurin aure, an ɗora wa uba abubuwa biyar game da ɗansa namiji: ya yi masa kaciya, ya fanshe shi idan ɗan fari ne, ya koya masa Attaura, ya aurar da shi, ya koya masa sana'a. Wasu malaman suka ƙara na shida, suka ce ya koya masa iyo. Kamannin jerin biyu ba abin mamaki ba ne ga al'ummomin da duk suke jingina kansu ga Annabi Ibrahim. Inda darasin tarihi yake shi ne abin da kowace al'umma ta yi a ranar da uba ya kasa.

Amma kafin a kai can, akwai wani ƙaramin wuri da hanyoyin biyu suka taɓa juna da gangan. Bayahude yana yi wa ɗansa kaciya a rana ta takwas, yana ƙirga ranar haihuwa a matsayin ta farko, a ranar ce kuma ake raɗa wa yaron suna. Bahaushe yana zanen suna a rana ta bakwai, amma a mazhabar Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa idan an haifi jaririn bayan fitowar alfijir. Sakamakon lissafin biyu ɗaya ne: wanda aka haifa ranar Talata, Talata mai zuwa ce ranarsa a Dutse, ita ce kuma ranarsa a gidan Bayahude. A Dutse liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Kaciya kuwa sai a ɗaga ta. An ruwaito cewa Imamu Malik ya karhanta yin ta a rana ta bakwai, dalilin da malaman mazhabarsa suka bayar kuwa shi ne al'adar Yahudawa ce, suka fi son a jira lokacin da yaro ya fara famfara, shekarun da ake umartarsa da salla. Daga nan ne 'yan shayin ƙasar Hausa suka samo asali, yara 'yan shekara bakwai zuwa tara da ake tarawa da hunturu, wanzami ya yi musu aiki rana guda, a yi ta ɗura musu kaji har su warke. Yau da asibiti ya karɓe aikin, iyaye da yawa sun koma yi wa jarirai tun suna cikin tsumma, ba kuma wanda ya tuna an taɓa muhawara a kai.

Ɗan fari ma yana da nasa labarin. Bayahude yana ganin ɗan farinsa namiji na Allah ne, sai ya cika kwana 30 uban ya ba wani daga zuriyar Annabi Haruna azurfa biyar ya fanso shi. Bahaushe da Bafulatani ba su fansa, amma su ma ba su riƙe ɗan fari kamar nasu. Kunya ta hana uwa kiran sunansa, ta hana uba wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa kuma da an yaye shi sai ya koma hannun kakanni. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan al'ada da ta riƙo dalla-dalla. Abin lura a nan shi ne tun fil azal Bahaushe bai ɗauki tarbiyya aikin gida ɗaya ba. Da wannan tunani ya ce ɗa na kowa ne, kuma da gaske yake.

Mai karatu zai lura cewa babu ciyarwa a jerin Talmud. Malaman farko sun ɗauka babu uban da sai an ce masa ya ciyar da ɗansa. Yaƙi ne ya nuna musu kuskurensu. Bayan Rumawa sun murƙushe tawayen Bar Kokba a shekarar 135, ƙasar Yahudiya ta zama kufai, talauci ya kai inda maza ke watsar da 'ya'yansu. Malaman da suka tsira suka taru a wani gari mai suna Usha a yankin Galili, suka zartar cewa wajibi ne mutum ya ciyar da 'ya'yansa maza da mata muddin suna ƙanana. Da aka zo batun tilastawa, sai suka raba. Mai dukiya, kotu ta ƙwata daga hannunsa. Wanda ba a tabbatar da wadatarsa ba, sai a haɗa shi da kunya. Wani malaminsu na Iraƙi, Rab Hisda, ya kan sa a kifa turmi a bainar jama'a, a hau kansa a yi shela, ana nuna cewa hankaka ma ya fi wannan mutum tausayin 'ya'ya. Bahaushe zai yi murmushi a nan, domin a wurinsa hankaka shi ne mai mai da ɗan wani nasa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Dutse suka yi hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, bai jira yaƙi ba, ya kuma fi tsauri. Ciyar da ɗa namiji da tufatar da shi wajibi ne a kan uba mai hali har ya balaga da hankalinsa da ikon nema. Ta 'ya mace ba ta sauka sai ta tare a gidan miji. Riƙon yaro kuma, idan aure ya mutu, haƙƙin uwa ne har zuwa waɗannan iyakokin, uba na biya. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Mukhtasar na Halil a zaure ya bi ta kan waɗannan hukunce-hukunce. Babu wani babi a cikinsu da ya ce ciyarwa tana faɗuwa daga kan uba idan ya miƙa yaro ga malami. Saboda haka yaron da ke riƙe da roba a bakin wani gidan abinci a Dutse, ta fuskar mazhabar da ubansa ke bi, mai bin bashi ne.

Yadda aka zo nan kuwa labari ne na karatu, kuma a nan ne tarihin Yahudawa ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Talmud, a babin Baba Batra, ya kawo tarihin makarantun yara a mataki huɗu. Da farko kowane uba shi ke koyar da ɗansa, maraya kuwa ya tashi jahili. Sai aka naɗa malamai a birnin Ƙudus. Nan ma mai uba ne kawai ke zuwa, domin sai da wanda zai kai shi. Sai aka sa malamai a kowace gunduma, amma nisa ya sa ba a kawo yaro sai ya kai shekara 16 ko 17, wanda kuma ya kai haka, da malami ya ɗaga masa murya sai ya yi fushi ya tafi. Daga ƙarshe wani babban limamin Haikali, Yusha'u bin Gamla, wanda ya riƙe muƙamin wajen shekarar 64, 'yan shekaru kafin Rumawa su rushe Haikalin a 70, ya zartar a naɗa malaman yara a kowane lardi da kowane gari, a kuma riƙa kawo su suna da shekara shida ko bakwai. Wato sun gwada tura yaro wurin ilimi har sau biyu, bai yi ba, sai suka ɗauko ilimin suka kawo shi ƙofar gidan yaron.

Malaman da suka biyo baya suka ɗaure dokar da ƙa'idoji. Kada a karɓi yaron da bai kai shekara shida ba. Idan za a doke shi, da igiyar takalmi kawai. Wanda ya kasa karatu kada a kore shi, a bar shi cikin 'yan'uwansa. Malami ɗaya yara 25, in sun kai 40 a ɗaukar masa mataimaki da kuɗin gari, in sun kai 50 a naɗa malami na biyu. Sai kuma hukuncin Raba, wani malami na ƙarni na 4, wanda ya kamata duk mai tunanin almajiranci ya sani: tun da an wajabta wa kowane gari makarantarsa, ba a ɗaukar ƙaramin yaro daga wani gari a kai shi wani don karatu. Daga unguwa zuwa unguwa ya halatta, sai dai in akwai kogi a tsakani. In akwai gada mai faɗi, a kai shi. In katako guda ne aka gitta, kada a kai shi.

Kuɗin fa? Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa garin da ba shi da makarantar yara a ƙaurace wa mutanensa har sai sun naɗa malami. A 1432 wakilan Yahudawan Kastila a ƙasar Sifen suka taru a Valladolid, suka wajabta wa duk garin da ke da magidanta 15 ya ɗauki malamin yara, suka kuma sa haraji a kan nama da giya da bikin aure da na kaciya don biyan masu koyarwa. Ma'anarsa, duk wanda ya ci nama a garin ya biya kuɗin karatun ɗan maƙwabcinsa, ko yana so ko ba ya so.

Bai kamata a ɗauka doka ta zama aiki dare ɗaya ba. Masu bincike irin su Catherine Hezser sun nuna cewa a zamanin Rumawa mafi yawan Yahudawan Falasɗinu ba su iya karatu ba, ƙarnoni aka ɗauka kafin makarantar yara ta game ko'ina. Wasu masana tattalin arziki biyu, Maristella Botticini da Zvi Eckstein, sun kafa hujja a littafinsu na 2012 cewa nauyin ya yi wa manoma yawa, domin yaron da ke makaranta hannu ne da gona ta rasa, har da yawansu suka bar addinin, waɗanda suka jure kuma suka gangara birane suka zama masu sana'a da fatake a zamanin Abbasiyawa. Ana jayayya da su a kan wasu alƙaluman, amma manomin Jahun ko Kiyawa ba ya buƙatar a fassara masa wannan lissafi. 'Ya'ya mata kuma ba su cikin dokar ko kaɗan. Sai a 1917 wata tela mai suna Sarah Schenirer ta buɗe makarantar addini ta 'yan mata a birnin Krakow na Folan. A wannan fage ƙasar Hausa ta riga su da nisa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci tun a Nurul Albab, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata.

Ƙasar Dutse ta bi ɗaya hanyar, tana kuma da dalilanta. Makarantar allo ta unguwa, wadda yaro ke zuwa da safe da yamma ya kwana a ɗakin uwarsa, ya kai kuɗin Laraba, ya huta Alhamis da Juma'a, ta kasance a kusan kowane gari, ita ce kuma daidai da abin da Yusha'u bin Gamla ya kafa. Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 25,000, da ɗalibai sama da 200,000, a lokacin da makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, wadda aka buɗe a Kano a 1909, ke fama da 'yan tsirarun yara. Amma wanda ke son ɗansa ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya zama alaramma ko gwani, gabas yake dubawa. Barno ce cibiyar hadda, sarakunanta sun daɗe suna ba malamai takardun maharam da ke ɗauke musu haraji. Dutse kuwa, wadda ta shafe ƙarnoni tana ƙarƙashin Kano kafin ta zama babban birnin Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, tana zaune ne a tsakanin birnin Dabo da ƙasar gabas. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta yau ma ta Shuwarin ta bi. Ga imanin da aka gada cewa yaro ba ya karatu a gaban uwarsa, sai ya ɗanɗani baƙunci.

Tsarin yana da ƙafafun da ya tsaya a kansu. Ta farko ita ce gandu. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da karkarar Kano, ta bayyana shi a matsayin yarjejeniya tsakanin uba da 'ya'yansa: su yi masa noma daga safe zuwa azahar, shi kuma ya ciyar da su da iyalansu, ya ba da iri da fartanya, ya biya musu haraji, ya yanka wa kowa gayauna, ya yi masa aure. A cikin gandu ɗaya uba ke sauke sana'a da ciyarwa da aure gaba ɗaya, ɗan maƙeri kuma a bakin zuga yake tashi. Ta biyu ita ce rani. Yawancin tafiyar almajirai ta ci-rani ce. Bayan kaka malam ya kwashi yaransa ya tafi, abin da ke rage wa rumbun gida baki, da ruwa ya sauka kuma a dawo gona. Ta uku ita ce jama'ar da ake sauka a cikinta. Dami ɗaya cikin goma na zakka, sadakar sarakuna da attajirai, da ƙwaryar tuwon da matar gida ke ajewa saboda ta san wane kolo ne zai yi sallama da magariba. Masu cewa gwamnatin daular Usmaniyya ce ke ɗaukar nauyin kowace tsangaya daga baitulmali sun ƙara gishiri. Maƙwabta ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, abin yabon ma ke nan.

Yahudawan gabashin Turai sun san irin wannan. Ɗalibin da ya bar garinsu ya tafi makarantar gaba a Lituweniya ko Folan, ana raba masa kwanakin mako a gidajen mutanen gari, yau ya ci a nan, gobe a can, ranar da ba ta samu mai ɗauka ba kuma ya kwana da yunwa. Da harshensu na Yidish suna kiran abin cin kwanaki. Bambanci biyu ne. Masu cin kwanakin samari ne da suka gama makarantar yara a garinsu, kamar a ce gardawa. Sannan da aka kafa makarantar Volozhin a farkon ƙarni na 19, mai kafa ta, Rabbi Hayim, ya ga ƙasƙancin da ke cikin al'adar, sai ya tura wakilai garuruwa suna tara gudunmawa, makaranta ta riƙa ba ɗalibai kuɗin abinci da kanta. Su ma dai ba tsarkaka ba ne. Da Sarkin Rasha Nikolas na I ya wajabta musu ba da yara aikin soja a 1827, marayu da 'ya'yan talakawa shugabannin al'umma suka fi miƙawa.

A ƙasar Hausa ƙafafun nan uku sun karye ɗaya bayan ɗaya cikin ƙarni guda. Bayan faɗuwar Kano a 1903, Turawa suka narkar da zakka cikin harajin gwamnati, suka kuma mai da takardar boko mabuɗin aikin hukuma, alaramma ya wayi gari jahili a idon ofis. Gonaki suka yi ta raguwa da rabon gado. Farin 1972 zuwa 1974 ya tarwatsa gandaye da dama, kuɗin man fetur ya ja samari birni, ɗa ya daina jiran gayauna, uba kuma ya daina iya yi masa aure. Ci-rani ya zama zama na dindindin. Birnin da ake sauka ya cika da baƙi, gidaje suka yi katanga da ƙofar ƙarfe, ƙwaryar tuwo ta koma ragowar da ke ƙasan tukunya. Shekarun tafiya kuma suka yi ƙasa, kolo ɗan shekara shida ya hau motar da a da gardi ke hawa. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a birnin Kano da Albasu mai maƙwabtaka da Jigawa, ta nuna a littafinta na 2018 cewa iyayen da ke tura 'ya'yansu ba marasa tausayi ba ne kamar yadda 'yan boko ke zato. Talauci ne, da mutuwar aure, da firamaren ƙauye wadda yaro zai shekara shida a cikinta bai iya rubuta sunansa ba. Uban da ya auna wannan da tsangaya ya zaɓi tsangaya bai yi wauta ba. Sai dai uzurinsa bai biya bashin ba, ya dai mayar da shi kan yaron, wanda yanzu shi ke ciyar da kansa, wani lokaci har da malaminsa.

Batun sana'a ma a nan ya maƙale. Rabbi Yahuza ya ɗauki uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba daidai da wanda ya koya masa fashi, Talmud kuma ya fahimci cewa a wurinsa saye da sayarwa bai wadatar ba, sai aikin hannu, domin jari yana karyewa. Wani malamin, Rabbi Nehorai, ya saɓa masa, ya zaɓi ya bar duk sana'o'in duniya ya koya wa ɗansa Attaura kaɗai. Har yau ana wannan gardama a Isra'ila, tsakanin hukuma da masu tsananin riƙon addini da ba su son a koya wa 'ya'yansu maza lissafi da Turanci. Tsohuwar tsangaya ta tsaya ne a gefen Rabbi Yahuza ba tare da ta san shi ba. Gardi yana ɗinkin hula, yana wanki da guga, yana yankan farce, yana noma gonar malam. Abin da ya sauya shi ne kasuwar da ke jiransa, wadda yanzu take tambayar takarda kafin ta tambayi gwaninta.

Hukuma ba ta rasa dokoki ba. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980, gwamnatin sojan Jihar Kano, lokacin Dutse na cikinta, ta hana malamai yawo da almajirai daga karkara zuwa birane a tsakiyar shekarun 1980. Hukuncin Raba ke nan, amma an bar rabinsa na farko, domin shi ya hana fitar da yaro ne bayan an wajabta wa garinsu malami da albashinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro firamare da ƙaramar sakandare, ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe ta farko cikin makarantun almajirai na zamani a Gagi ta Sakkwato. Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta Jigawa a Disambar 2021, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta a 2023, gwamnatin Umar Namadi kuma ta kafa hukumar tsangayu ta jiha. Abin da ya fi kama da harajin Valladolid a cikin duk waɗannan ba daga gwamnati ya fito ba. Kwamitin zakka na masarautar Dutse ne, wanda ya yi ƙarfi a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, yana tara hatsi da kuɗi da dabbobi gunduma-gunduma, yana raba su a inda aka tara su. Amfanin gari ya tsaya a gari. Ba a dai taɓa ɗaura shi kai tsaye da tukunyar makarantar allo ta kowane ƙauye ba, yadda uban da ke shirin sa ɗansa a mota zai rasa hujjar yunwa.

Saura abu na shida, wanda malaman Talmud suka kawo a ƙarshe kamar an tuna da shi ne bayan an tashi daga majalisa. Dalilin da suka bayar na koyar da iyo gajere ne, ran yaron na iya rataya a kansa. Musulmi ma suna da irinsa, domin an ruwaito Sayyidina Umar ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Dokin ya samu gata a ƙasar Dutse, duk wanda ya ga hawan salla a Garu ya shaida. Iyo kuwa bai shiga jerin dattijon Shuwarin ba, alhali Jigawa ƙasar fadama ce. Kogin Haɗeja yana ratsa Ringim da Taura da Miga da Auyo, ambaliyar 2022 kaɗai ta ci rayuka sama da 100 a jihar, kusan kowace damina kuma sai an ji kwalekwale ya kife da mutane a hanyar kasuwa ko gona. A cikin garuruwa akwai kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke cika da ruwa daga Yuli zuwa Satumba. A can almajirai ke zuwa wanka da wanki ranar Alhamis, ranar da babu karatu.